Jarumin da ba ya shan kaye: matsalar littafin ce ko ta mai karatu?

"Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Don Allah ka raba mana gardama. Akwai wani littafin yaƙi da muke bi a guruf ɗinmu, yawancinmu 'yan nan Rigasa ne, yanzu an shiga littafi na huɗu. Jarumin tun yana ɗan shekara goma sha biyu ya sha wani ruwa a kogon aljanu, daga ranar ƙarfe ba ya cinsa, wuta ba ta ƙona shi, tsafi ba ya kama shi, shi kaɗai yake tarwatsa runduna dubu ɗari kafin la'asar, ko ƙwarzane ba a taɓa yi masa ba. Ni dai tun a na biyu na fara hamma, da na faɗa sai aka taso min, wai hassada nake wa marubucin, wai in ba na so in rubuta nawa. Rabin guruf suna cewa ba a taɓa yin littafi mai daɗinsa ba, mu rabin kuma muna karantawa ne kawai don kada a bar mu a baya a hira. Shin laifi ne a yi jarumi haka a ƙa'idar rubutu, ko ni ne ban iya karatu ba?"

Wa'alaikumus salam ƙanena, amin na gode. Ka fara kwantar da hankalinka, ka iya karatu sarai, hammar nan ma shaida ce. Su ma waɗanda suka taso maka sun iya, kawai dai ba abu ɗaya kuka je nema a cikin littafin ba. In na fahimce ka tambaya biyu ka ɗaure da igiya ɗaya, ta farko ko ƙarfin da ya wuce misali aibi ne ga jarumin labari, ta biyu kuma me ya sa mutum ashirin za su karanta shafi ɗaya goma su yi ta ihu goma su yi gyangyaɗi.

Bari in faɗi inda nake tsaye tukuna don kada ka ɗauka daga jami'a nake magana. Na yi shekaru ina da ɗan shagon hayar littattafai a Tudun Wada, ba nisa da Kasuwar Barci, zamanin da ake hayar littafi naira biyar a kwana, in ka yaga bango ka biya goma. Na rubuta littattafan yaƙi nawa na kaina, wasu sun karɓu wasu sun kwanta min a kwali har gara ta ci rabonta, yanzu kuma yawancin aikina duba rubutun matasa ne kafin su sake shi a waya. To daga nan nake kallon abin, daga bayan kanta, inda mai haya ke dawo maka da littafi ka karanta hukuncinsa a fuskarsa tun bai buɗe baki ba. Littafin naku kuma ban karanta ba, da bayaninka zan yi aiki, in ka yi masa ƙage kai da Allah.

Ba yau aka fara ba

Da yawa suna zaton daga fina-finan Indiya na fassara muka kwaso wannan abu, irin wanda akto zai daki mutum ɗaya mota uku ta kife. Ina! Bahaushe ya daɗe yana son gwarzon da ya fi ƙarfin hankali. A tarihin Kano an ce Barbushe da sanda yake kashe giwa ya ɗauko ta a ka ya yi tafiyar mil tara da ita. Bayajidda a daren da ya sauka Daura ya sare kan macijin da ya hana gari guda ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a. Ka saurari kirarin mafarauta ko na 'yan tauri, ba za ka ji wanda ya miƙe ya ce ni matsakaici ne, wani lokaci in yi nasara wani lokaci a kore ni ba. Da aka zo rubutun boko ma, a gasar rubutun littattafai da Baturen nan Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933, cikin littattafai biyar ɗin da aka buga akwai Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda jaruminsa ya yaƙi mutane ya yaƙi aljanu. Don haka wanda zai ce maka jarumi mai ƙarfin gaske baƙon abu ne a adabinmu, bai bi sawun abin ba.

Amma ka lura da wani abu. Ganɗoki duk jarumtarsa bai hana Turawa cin ƙasa ba, sai da ya bar gida ya yi gabas, wato akwai abin da takobinsa bai iya sarewa ba. Ka ɗauki Antaru ɗan Shaddadu na Larabawa, wanda labarinsa ya shigo mana ta wajen malaman zaure. A fagen fama ba mai tsayawa gabansa, amma uwarsa Zabiba baiwa ce 'yar Habasha, ubansa ya daɗe bai amsa shi a matsayin ɗa ba, kuma yarinyar da yake so, Abla 'yar baffansa, an yi ta ja masa rai a kanta saboda asalinsa. Mutumin da ke korar runduna ya kasa korar gori. A ƙarshen labarin ma ba wani sadauki ne ya kashe shi ba, makaho ne wanda shi Antarun ya makantar, ya bi sauti ya sako masa kibiya mai dafi. Masu ba da labarin nan ba su rage wa Antaru ko ɗigon ƙarfi ba, wani waje daban suka nemo inda zai ji ciwo.

Har kakanninmu mata sun san wannan. Akwai tatsuniyar mutumin nan da kullum in ya dawo daga daji ya yar da itace sai ya ce shi ne Namiji-Mijin-Maza, matarsa na ce masa ka bari, ranar da ka ga Namiji-Mijin-Maza na gaske gudu za ka yi. Sai ga ta a wata rijiya mai gugan da sai mutum goma ke jansa, jaririn da ke goye a bayan wata mata ya miƙa hannu ya jawo shi. To uban jaririn nan shi ne na gasken, mai cin giwa a zama ɗaya, shi ma kuma da ya biyo mai cika bakin da gudu sai ya ci karo da wani ƙaton da suka kama kokawa har suka yi sama, wai tsawar da muke ji su ne har yau ba su rabu ba. Gaba da gabanta ke nan, tun muna zaune a tabarma ake zuba mana shi a kunne. Ina ga shi ya sa kai ka yi hamma, kunnenka na jiran gaban da ba ta zo ba.

Masu ihun ba wawaye ba ne

Yanzu bari in ɗan tsaya wa abokan gardamarka, don na san su, na sayar musu da daɗi shekara da shekaru. Akwai wani yaro da ke koyon walda a Panteka, kusan kullum bayan magariba zai zo da biyar ɗinsa a dunƙule, idonsa ja saboda wuta, abin da yake ce min ɗaya ne, Malam ba ni wanda ake duka sosai. Wata rana na ba shi wani littafi da nake ji da shi, jarumin yana shan wuya, ana kama shi ana ɗaurewa, washegari da sassafe ya dawo min da shi ya ce wannan ai ni ne, ni kuma na gaji da ni. Wallahi maganar nan ta fi min darasin littattafai goma. Yaron nan tun safe oga ke zaginsa, manyan shago su aike shi, mai mota ya raina shi, ba shi da bakin ramawa. Fargaba yana da ita buhu-buhu a rayuwarsa, ba zai biya kuɗi ya ƙaro wata ba. Awa ɗaya yake so wadda a cikinta wanda aka raina zai tashi ya ɗaga azzalumi da hannu ɗaya.

Kuma ka dubi garin da muke ciki. Kai ɗan Rigasa ne, ba sai na tuna maka harin jirgin ƙasa na Maris 2022 ba, ko yadda mutum ke yin sallama da iyalinsa in zai bi hanyar Birnin Gwari. Wanda ya kwana da irin wannan a ransa, in ya samu labarin mutum ɗaya da zai shiga daji shi kaɗai ya fito da kowa lafiya, ni ba zan ce masa bai san adabi ba.

Sannan akwai abin da masu suka ba su cika lura da shi ba. Mai son irin wannan littafi ba tambayar ko zai yi nasara yake yi ba, ya riga ya san zai yi. Tambayarsa ita ce yaushe za su gane ko shi waye. Daɗin yana wajen rainin, jarumi ya shigo gari cikin tsumma, dogari ya hankaɗe shi a ƙofar fada, ɗan sarki ya tofa masa yawu, 'yan mata su yi dariya, kai kuma mai karatu kana da sirrin da duk garin ba su da shi, kana murmushi kana cewa za ku sani. Wannan jiran shi ma fargaba ce iri nata, kuma marubucin da ya iya jan zaren zai riƙe ka shafi hamsin ba a zare takobi ba. In littafin naku yana yin haka da kyau, to abokanka suna da gaskiyarsu.

Inda igiyar ke tsinkewa

Matsalar ita ce wannan daɗin yana da iyaka, kamar zuma ne, cokali na farko ba ɗaya yake da na ashirin ba. Sau nawa za a raina shi a gane? In an yi a birni na farko an yi a na biyu, a na biyar mai karatu ya haddace, da ya ga dogari ya ɗaga bulala ya san shafi uku nan gaba dogarin zai durƙusa yana tuba.

Daga nan marubuci sai ya shiga abin da nake kira hauhawar farashin dakaru. A littafi na ɗaya jarumi ya kashe mutum arba'in, ka ji tsigar jikinka ta tashi don kana iya hango arba'in, cikin motar haya biyu ne da ɗoriya. A na biyu dole a ƙara, sai a ce dubu. Na uku dubu ɗari. Na huɗu sai aljani mai kai saba'in wanda ya shekara dubu arba'in yana tsafi. Amma ƙwaƙwalwar mutum ba ta jin bambancin dubu ɗari da miliyan, duk sifili ne a jere. Kamar fiya wata ne, da naira biyar muke saya yanzu an kai hamsin, lambar ta hau amma ruwan da ke cikin ledar bai ƙaru ba. Mutum ɗaya mai suna da fuska, wanda muka san dalilin gabarsa da jarumi, ya fi runduna dubu ɗari nauyi a zuciyar mai karatu.

Abu na biyu ya fi wannan muni. In jarumi zai iya komai, to don labari ya yi tsawo dole a mayar da shi wawa ko a mayar da kowa wawa. Yana da aljanin da zai kai shi bangon duniya kafin ƙiftawar ido amma zai hau doki ya yi wata uku a hanya. Ya kama boka a hannu tun a littafi na ɗaya amma ya sake shi ba dalili, saboda marubuci na buƙatar bokan a na huɗu. Bos kuma ya ji labari an hallaka runduna tara, sai ya turo ta goma da irin makaman da na taran suka zo da su. Mai karatu ba zai iya faɗa maka sunan wannan ciwon ba amma yana jin an raina masa hankali.

Na uku, sauran mutanen littafin sai su mutu a tsaye. Abokin jarumi ba shi da aiki sai riƙe baki yana cewa kai, wannan wane irin sadauki ne. Gimbiya ba ta da aiki sai suma da soyayya, kuma kowace gimbiya, kowane birni. Waziri, sarkin yaƙi, tsohon malami, duk sun zama 'yan kallo, kai kuma kana kallon 'yan kallo. Ni a wajena wannan ce alamar da ba ta ƙarya, in ka rufe littafi ka kasa tuna abin da mutum uku ban da jarumi suke so a rayuwarsu, to ƙarfin jarumin ya cinye littafin.

Masu zuwa gidan kallon ƙwallo za su gane misalin nan. Arsenal ta buga wasa 38 a gasar Firimiya ta Ingila a kakar 2003/2004 ba a doke ta ko sau ɗaya ba, amma 26 ta ci, 12 kunnen doki ne, akwai ranakun da aka riga su zura ƙwallo suka yi ta fama kafin su farke. Abin da ya sa har yau ake labarin ke nan, ba a kayar da su ba amma an sa su gumi. Da a ce kowane sati goma da nema suke ci, da tun watan Disamba mai gidan kallo ya fara rage kuɗin shiga.

Kowane asiri da makarinsa

Tsofaffin masu ba da labari suna da ƙa'idar da ba a rubuta ba, duk asirin da ka ba mutum sai ka haɗa masa da makari da sharaɗi. Ba tallan tsafi nake ba, a cikin labari muke. Ɗan tauri a yadda ake faɗa wuƙa ba ta cinsa, amma ai ba a ce gora ba ta fasa masa kai ba. Mai layar zana akwai abin da in ya yi za ta karye, kada ka ci abu kaza, kada ka tsallake abu kaza, kada ka waiwaya. Sharaɗin nan shi ne ƙugiyar da ke riƙe mai sauraro, tun ranar da aka faɗe shi kowa ya san wata rana sai an karya, saura yaushe kuma ta hannun wa.

Turawa ma sun yi karo da wannan bango. Superman da ya fito a 1938 tsalle yake yi ba tashi sama ba, a hankali aka yi ta ƙara masa har ya zama ba abin da ke taɓa shi, a 1943 a shirinsa na rediyo aka shigo da wani dutse daga duniyarsu ta asali wanda in ya kusance shi jikinsa ke mutuwa, wato makari. A 1986 kuma kamfanin da ke buga shi ya sake rubuta labarin daga tushe ya rage masa ƙarfi. Mutanen da ke cin abinci da jarumi ɗaya shekara da shekaru su ma sai da suka dawo kan abin da kakarka ta sani.

Sai dai ni makari kaɗai bai ishe ni ba, don shi ma ana cin zarafinsa. In kowane bos yana da makarin a aljihu, an koma gidan jiya, kullum a sumar da jarumi kullum ya farfaɗo. Abin da ya fi shi ne a kawo masa matsalar da ƙarfi ba ya warwarewa. A kai hari gari biyu a dare ɗaya, ɗaya garin uwarsa ɗaya garin da ya yi wa alkawari, shi kuma jiki ɗaya gare shi. Ko mahaifiyarsa ta ce ban yafe ba in ka zare takobi a garin nan, alhali azzalumin na cikin garin yana yawo. Ko ya kashe mugun sarki, jama'a su ce to kai ne sarki yanzu, ga manomi ga makiyayi a gabansa kowa da gaskiyarsa, ya sare wa? Ko fari ya zo, ya daki gajimare mu gani.

Akwai wani matashi da ya kawo min rubutu mai kama da naku sak, shi ma ƙarfe ba ya cin jaruminsa. Na tambaye shi to wa ke yi masa aski? Ya yi dariya ya ɗauka wasa nake. Na ce da gaske nake, in ƙarfe ba ya cinsa askar wanzami ma ba ta cinsa, ba a yi masa ƙaho, in ƙurji ya fito masa ya nuna ba mai iya fasawa, zai kwanta yana birgima da ciwon da ko almajiri wanzami zai raba shi da shi da tsaga ɗaya. Yaron ya yi shiru, bayan sati biyu ya dawo da babi guda a kan haka, gwarzon da ya kori runduna yana kuka a ɗakin tsohuwa tana ɗora masa ganye mai zafi, kuma a daren ne maƙiya suka iso bakin ganuwa. Wannan babi shi ne mafi kyau a duk littafin, kuma ba a cire wa jarumin komai ba, kyautar da aka ba shi ce aka bi har inda take cizo.

Laifin waya, da nawa laifin

Kada kuma mu ɗora wa marubucin naku duka kayan. Da can mutum zai gama littafi ya ajiye ya sake karantawa kafin ya kai maɗaba'a. Yanzu kullum sai an yi tayifin an saki feji, da daddare a kan waya, ana jiran NEPA ana lallaɓa caji, kuma masu karatu na tsaye a kansa. Shafukan farko kyauta ne don a jawo mutane su biya, to dole a zuba duk abin mamakin a gaba, shi ya sa yaro ɗan sha biyu ke shan ruwan kogo tun ba a je ko'ina ba, abin da ya kamata a kai littafi na uku ana nemansa. Bayan an biya kuma, ranar da aka ɗan mari jarumi sai saƙo ya yi ta shigowa, wallahi in ya sha kaye mun daina karantawa, a dawo mana da kuɗinmu. Masu hamma irinka ba sa magana, sulalewa suke yi, masu ihu su ake ji. Marubuci ɗan adam ne, sai ya bi inda tafi yake.

Ni ma na faɗa ramin, har sau biyu ta fuska biyu. A wani littafina na ba jarumi takobin da ke sare komai tun a farkon na ɗaya, na kai na uku ina zaune da biro ban san me zan yi da shi ba, har wani malamin firamare da ke haya a wajena ya ce min Malam ai ka kashe littafin nan tun ranar da ka miƙa masa takobin nan. Ya yi gaskiya, na ji haushi amma ya yi gaskiya. Sai kuma na wuce gona da iri, shekaru bayan haka wata marubuciya ta kawo min nata, na ba ta shawara ta sa a kayar da jarumarta a tsakiyar labari a ƙwace mata ƙarfin. Ta bi maganata, masu karatunta suka watse, kuma da na zauna na duba sai na ga su ke da gaskiya. Shafukanta na farko sun yi musu alkawarin mace wadda ba a taɓa ta, a kan haka suka shigo, ni kuma na sa ta karya alkawarin da rana tsaka. Tun daga nan na daina cewa a rage ƙarfi, sai dai in ce a nemo inda zai yi asara. Kuma na yarda kunnena na tsohon zamani ne, na tashi da littafin takarda mai farko da ƙarshe, akwai yaran da labarin da ba ya ƙarewa suke so, su leƙa kullum kamar yadda ake leƙa majalisa, a nan ma'aunina ba lallai ya yi musu daidai ba.

To naku fa?

In dai yadda ka faɗa haka yake, littafi huɗu ko ƙwarzane babu, to ni ina gefenka, amma ba don ƙwarzanen ba. Fatar jikinsa ta zauna lafiya har ƙarshe ban damu ba. Abin da nake so ka koma ka duba shi ne, daga na ɗaya zuwa yanzu me ya rasa wanda bai dawo ba? Aboki, uwa, mutunci, gari, ko da barcin dare ne. Akwai ranar da ya yi zaɓi tsakanin abu biyu da yake so ya bar ɗaya? Akwai ranar da ƙarfin nasa ya jawo wa wani bala'i? Sannan ka gwada tsallake feji ashirin a tsakiyar na uku ka ci gaba, in ba ka ji ka ɓata ba to marubucin juyi yake a waje ɗaya. Mai yiwuwa kuma ka tarar akwai irin waɗannan abubuwan kai ne haushi ya rufe maka ido, yana faruwa, ni ma na sha yanke wa littafi hukunci a shafi na talatin na dawo na janye.

Maganar in ba ka so ka rubuta naka kuwa, wannan ba hujja ba ce, ba sai ka iya tuƙa tuwo za ka gane yana da gudaji ba. Amma kai ma kada ka shiga guruf ka ce littafin banza ne, mutum ba ya son a zagi abin da ke sanyaya masa rai bayan wahalar yini. Tambaya ɗaya za ka jefa musu cikin ruwan sanyi, ka ce 'yan uwa me kuke tsoron ya samu jarumin nan? In suka amsa nan take, wani ya ce ƙanwarsa wani ya ce ranar da zai gane waye ubansa, to littafin na da rai, kai ne dai ba abincinka ba ne, ka bar musu kayansu ka nemi wani, ba dole sai ka kai ƙarshe don ka biya ɗari biyar ba. In kuwa aka yi tsit, ko aka ce ai ba abin da zai same shi, to ka samu amsarka daga bakinsu.

Duk yadda ta kaya ka turo min abin da suka ce, ka haɗo da feji goma na farkon littafi na uku, galibi a nan nake gane ko marubuci ya san inda za shi ko kuwa dakaru kawai yake ƙarawa.